Naman da Ba a Wankewa

Ranar Alhamis ce, muna dawowa daga asibiti, Dakta ta ce min daga kujerar baya, ko ɗago kai daga wayarta ba ta yi ba, wai lasisinta ya fito, kuma daga ranar Lahadi da kanta za ta riƙa tuƙa motarta. Saura ƙiris in daki bayan wata motar ɗaukar ruwa. Na taka birki, na ce ma sha Allah, na ce mabruk, barka da arziki, na yi duk abin da ya kamata mutumin kirki ya yi.

Shekara goma sha ɗaya ina jan matar nan a titunan Riyad. Likitar haƙori ce, mijinta ya rasu tun kafin in zo, kuma ita ce kafil ɗina, wato a ƙarƙashin sunanta iƙamata take, takardar da ta ba ni izinin zama a ƙasar. Ranar da ta ce ba ta bukatar direba, to sai huruj, a buga min hatimin fita in koma Funtuwa. A Funtuwa kuwa akwai yara huɗu a makaranta, da ginin da ya kai linta ya tsaya yana jirana. Watan Yuni ne na shekarar 2018, duk direbobin gida mun san ana shirin ba mata izinin tuƙi, har barkwanci muke yi da abin a bakin masallaci. Ashe a kaina za a fara.

Ta ce, da murya mai taushi, ba ta ji daɗin faɗa min ba. Ishaƙ take kirana, bakinta bai taɓa iya Isiyaku ba. Sannan kamar mai magana da kanta ta ce abubuwa sun haɗe mata, ga mai dafa mata abinci, wata 'yar Indunusiya, ta koma ƙasarsu tun kafin Sallah, har yanzu ba ta samu wata ba.

Baki shi ke yanka wuya. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya tafi.

"Dakta, ai ni kuku ne," na ce. "Gado na yi. Babana a gidan Turawa ya yi aiki."

Babana, Allah ya jiƙansa, manomin auduga ne. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa ganin ya ɗaga murfin tukunya ba. Ni ma ɗin, in ka cire shayi da ƙwai, ban san hanyar kicin ba.

Dakta ta ɗago ta dube ni ta madubi, ta daɗe tana kallona. Daga nan ta ce to, ranar Asabar in yi musu karin kumallo ita da 'yarta Hanan, wadda ta dawo hutu daga karatu a Kanada. In ya yi, za ta sa a canza sana'ar da ke kan iƙamata daga direba zuwa kuku, in ci gaba da zama a ɗakina na bakin get. In bai yi ba, ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Da muka isa gida Hanan ta fito min da abin da take so daga firji, a cikin wata leda shimfiɗaɗɗiya. Ta ce sunansa bekon. Na ja da baya na yi a'uziyya, don na taɓa jin sunan, ita kuwa ta tuntsire da dariya ta nuna min hoton kan sa a jikin ledar, ta ce in kwantar da hankalina, na shanu ne. Nama ne aka yanka siriri, dogaye-dogaye, jan nama da farin kitse a jere, an sa masa gishiri an turara shi da hayaƙi. Ta ce tana son ya soyu ya yi ƙamas, in ta ciza ya ce ƙaras, amma kada ya ƙone. Na gyaɗa kai irin na wanda ya gaji da wannan aikin tun yana yaro.

Juma'a ranar hutuna ce. Da sassafe na sayi leda huɗu na nufi unguwar Gubaira wajen Dalhatu. Dalhatu abokina ne ɗan Gusau, ɗaurin rodi yake yi a wajen gini, amma gidansu mahauta ne kaka da kakanni, kuma ba ya bari ka manta. Ɗakinsa yana saman shagon wani mai faci. Na zayyana masa komai. Ya buɗe leda ɗaya, ya shinshina, ya zaro yanka ɗaya ya ɗaga ta taga, sai ga hasken rana yana ratsa shi. Ya girgiza kai ya ce duk mahaucin da ya yanka wannan ba ya tsoron Allah, wannan ai rowa ce aka sa a leda.

Na ce ya matsa min, nama dai nama ne, kuma na ga yadda Innata take yi. Na juye leda guda a roba na wanke shi tas, ruwa uku. Na zuba a tukunya, na cika ta da ruwa, na yanka albasa biyu, na daka citta da tafarnuwa, na marmasa magi, na ɗora sulala. Ina tsaye ina juyawa da ludayi ina jin kaina, har ina gaya wa Dalhatu ashe girki ba wani abu ba ne, mata ne ke kambama shi. Bayan rabin awa na leƙa. Kumfa ta taso fari fat, kitsen ya narke ya bi ruwa, naman ya dagargaje ya koma kamar tsumman goge mota. Ban karaya ba. Na tsame shi na antaya cikin mai mai zafi. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mai ya dinga harbi ta ko'ina, Dalhatu ya fizgi murfin tukunya ya kare fuska ya maƙale bayan ƙofa yana min Allah ya isa. Abin da na kwaso a ƙarshe bai cika cokali uku ba, baƙi ƙirin. Romon dai ya yi daɗi, in ban da gishiri, mun shanye shi da kubus, burodin Larabawa.

Dalhatu ya share baki ya ce yanzu in koma gefe in ga aikin masu abu. A cewarsa ya gano sirrin tun ɗazu: wannan kilishi ne da Turawa suka fara suka kasa ƙarasawa. An yi yankan, saura labu da shanya. Ya sauka baƙala, shagon kayan masarufi na ƙasan layi, ya sayo kwalbar niƙaƙƙiyar gyaɗa, ya kwaɓa ta da yaji da kanumfari, ya shafe kowane yanka gaba da baya, yana yi yana yi wa kakansa kirari. Muka hau rufin bene muka shimfiɗa a babban faranti. Ranar Riyad a watan Yuni ba ta bukatar a roƙe ta. Ya ce abin da rana ke yi a Gusau a wuni biyu, nan kafin a sauko daga Juma'a ta gama. Ya kifa kwando a kai, ya ɗora bulo, muka yi alwala muka tafi masallaci.

Ni dai huɗubar ranar ban ji ko kalma ɗaya ba, Allah ya yafe min. Ana sallama muka yi gida da sauri. Tun daga matakala muka fara jin atishawa, ƙanana-ƙanana, ba irin ta mutane ba. Muna tura ƙofar rufin sai ga kwando a gefe, bulo a gefe, kyanwoyin Gubaira bakwai sun yi da'ira. Wata mai ido ɗaya ta kwanta male-male a tsakiyar farantin tana lasar hannu. Duk gashin bakinsu labu ne, sai atishawa suke suna kallonmu, ko kunya babu. Wani baƙin muzuru ya ɗauki yanka na ƙarshe ya bi ta kan katanga. Dalhatu ya tuɓe takalmi don ya jefe shi, ya manta simintin ya gasu tun safe, sai ga ƙaton mutum mai gemu yana tsalle da ƙafa ɗaya yana zagin kyanwa har kakanninta. Na yi dariya har na zauna, na tashi da sauri don ni ma simintin bai ƙyale ni ba.

Saura leda biyu. Nan na sauke girman kai na kira Bilƙisu, 'yar ƙanin babana, wadda take aikin nas a wani asibiti, tana zaune da mijinta a unguwar Ulaisha. Na so in taƙaita mata labarin, amma Dalhatu ya fizge wayar ya ba ta shi dalla-dalla, har da ƙari. Yarinyar nan da na goya tana ƙarama ta yi min dariya har sai da na ji mijinta yana tambayar ko lafiya. Da ta samu numfashi ta ce abokan aikinta 'yan Filifin a maikurowef suke yi: a shimfiɗa tishu, a jera naman, a rufe da wani tishun, minti uku an gama. Dalhatu yana da maikurowef, wani da ya tsinto an ajiye a bakin wani gida, ƙofarsa sai an tokare da cokali. Tishu ne babu. Ya ce takarda ai takarda ce, ya jawo tsohuwar jarida daga ƙarƙashin katifa.

Minti uku na cika muka buɗe. Ƙamshi ya cika ɗakin. Na ɗaga jaridar a hankali, sai ga nama ya yi ja, ya yi ƙamas, yadda Hanan ta kwatanta. Har na buɗe baki zan yi hamdala, sai na ga abin da ke jikinsa. Rubutun jaridar ya tashi ya manne a kan kitsen, layi-layi, da Larabci.

Mu da aka raina, in ka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ka ɗauke ta ka soke a tsagar bango. Na shekara goma sha ɗaya a garin da ko kwalin sabulu da Larabci yake, amma har gobe ƙafata kauce wa irin wannan takarda take yi. Na ce wannan ba ya zubuwa a shara, kuma ban ga yadda za a tauna shi ba. Dalhatu ya ce ni dai ban da tunani, ai wannan rubutun sha ne ya zo da namansa, wa ya sani ko buɗi ne Allah ya kawo min. Muka yi ta juya shi muna ƙoƙarin karantawa, ga shi babu wasali, ga shi a juye. Na sake kiran Bilƙisu, wannan karon da bidiyo, na kara mata yanka ɗaya a gaban waya. Ta matso da fuska, ta karkata kai, sai na ga kafaɗunta sun fara rawa. Ta ce talla ce, an yi rangwame a kan na'urar sanyaya ɗaki. Kafin nan Dalhatu ya riga ya cinye yanka biyu, da bisimillarsa, da shafa fuska.

Bilƙisu ta ce mu zubar, tawada ba abin ci ba ce. Sannan ta share hawaye ta daina dariya, don ta san abin da ke jirana a Funtuwa in abin ya ƙi.

"Yaya Isiyaku, ka saurare ni da kyau," ta ce. "Kasko mai sanyi, kada ka zuba mai, wuta kaɗan, kuma kada ka matsa ko nan da can. Sannan don girman Allah kada ka wanke shi."

Nan fa muka haɗu. Na ce nama, ba wanki? Naman da ban san hannun da ya taɓa shi ba? Na ce da Inna tana raye ta ji wannan magana, sai ta ce boko ya lalata Bilƙisu. Ta ce an riga an gyara shi tun daga kamfani, ruwa ɓata shi yake yi. Na ce ko kaza ka yanka da hannunka ai sai ka wanke. Ba ta bar ni ba sai da na ce na yi alkawari.

Leda ta ƙarshe muka bari sai yamma, don ranar Najeriya ke buga ƙwallo da Iceland a gasar cin kofin duniya, kuma mai facin ƙasa ya fito da talabijin bakin shago. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci, muka yi Magariba, muka hau sama. Na jera naman a busasshen kasko, raina yana ƙyamar abin, na kunna wuta ƙasa-ƙasa. Ikon Allah, sai ga mai yana tsattsafowa daga jikinsa da kansa. Ya fara ƙara a hankali, gefensa ya fara ja. Dalhatu ya leƙo ta kafaɗata ya ce kai, yarinyar nan ta san abin da take faɗa.

Sai ihu ya tashi daga ƙasa, irin wanda ba ya bukatar fassara. Najeriya ta ci. Dalhatu ya riga ni kaiwa ƙofa. Na ce bari in leƙa in ga maimaici kawai in dawo. Na samu 'yan Sudan suna rungumar 'yan Kano, mai faci yana buga rim da sifana, wani ɗan Yaman da bai san ko ina Iceland take ba yana rawa da bokiti a ka. Wa zai hau sama a wannan hali? Ina nan tsaye har aka zura ta biyu. Ina kan wuyan wani ɗan Zariya da ban sani ba, sai wani maƙwabcin Dalhatu ɗan Bangaladash ya ja rigata ya nuna sama. Hayaƙi ne ke fitowa ta tagar ɗakin, baƙi, a natse.

Gawayi muka tarar. Muka buɗe taga, muka zauna a matakala muna tari muna dariya, Dalhatu yana cewa aƙalla ƙasa ta ci. Sai da na hau motar komawa dariyar ta sake ni. Leda huɗu, ban fitar da faranti ɗaya da zan iya ajiye wa mutum ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ga tafiya ta zo, gorar ma kyanwoyi sun yi gaba da ita. Tsoro ya kama ni sosai, na dinga ganin fuskar matata ranar da zan shigo da akwati ba sanarwa.

Asabar da safe na sa farar riga na shiga kicin ɗin Dakta. Iyakacina da shi a da bakin ƙofa ne, inda nake sauke cefane. Leda ɗaya ce tak a firji, wadda Hanan ta nuna min. Na ɗauko ta ina maimaitawa a zuci, kada ka wanke, kada ka wanke. Hanan ta shigo ta zauna a teburin kicin, ta ce mabruk, ta kalli wasan jiya, tunda nasu 'yan wasan an riga an koro su, Najeriya take goyon baya yanzu. Ta ce ƙwallon farko ta fi burge ta.

To, a taɓo min ƙwallo? Na shiga ba ta labari, yadda ɗan wasanmu ya tare ta a sama da ƙafa ɗaya, yadda ya sauke ta, yadda mai tsaron gida ya bi iska. Ina yi ina kwatantawa da kafaɗa. Sai na ji sanyi a hannuna. Na duba ƙasa. Famfo a buɗe, naman yana cikin roba, hannuwana suna cuɗa shi a ruwa na biyu.

Hali zanen dutse. Wallahi ban san lokacin da na yi ba. Na tsaya ruwa yana zuba, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Babu wata ledar, babu lokacin zuwa kanti, ga motsin Dakta ina ji a sama. Hanan ta koma kan wayarta, ba ta lura ba. Na ce a raina, in an kore ni, a kore ni da tsaftataccen nama. Na kwashe shi yana ɗiga na jera a kasko mai sanyi, ruwa ya kwanta a ƙasansa, na kunna wuta kaɗan. Wannan karon ko Najeriya za ta ci goma ba zan matsa ba.

Ruwan ya fara tafasa, naman ya yi fari, irin farin jiya da ya kai ni ga tsumma. Na ɓoye ludayi a bayana don kada hannuna ya sake cin amanata. Ina tsaye ina salati. A hankali ruwan ya ƙafe, ƙarar kaskon ta canza, mai ya fito, kuma ko ɗigo bai yi tsalle ba. Naman ya kwanta sambal bai nannaɗe ba, ya yi ja daga wannan baki zuwa wancan. Na juya shi da cokali mai yatsu, na tsame a kan tishu, tishu na gaske. Ƙwan da zan haɗa mata da shi kuma, Hanan ta ce kada in fasa kwaiduwar, in bar ta tana rawa. A wajenmu wannan ɗanye ne, amma na ba ta abinta.

Ta ɗauki yanka ɗaya ta ciza, na ji ƙaras daga inda nake. Ta zaro ido. Ta tambaye ni ko da ruwa na fara shi, na ce eh da ƙaramar murya. Ta ce ta sani, wata da suke ɗaki ɗaya a Kanada haka take yi, dabarar manyan masu girki ce, ta yi ta fama da mai aikinsu ta da amma ba ta taɓa yarda ta gwada ba. A ina na koya? Na gyara tsayuwa na ce gado ne.

Ina cikin wannan fankama Dakta ta sauko. Ta zauna, na ajiye mata faranti da hannu biyu. Ta gutsiri gefen naman, ta tauna, ta ajiye sauran. Ta ce ya yi kyau, amma ita ba ta cin irin wannan, na Hanan ne, Hanan kuwa watan Agusta za ta koma makaranta. Daga nan wa zan dafa wa?

Na tsaya da tawul a kafaɗa ina kallon tayil. Duk wahalar jiya, da kyanwoyi, da hayaƙi, ashe wata biyu kawai na saya.

"Ishaƙ," ta ce, "mene ne abin nan da kake ci a motata kullum da safe?"

Na ji kunya ta rufe ni. Kullum kafin ta sauko nakan zauna a mota in ci karin kumallona, sannan in sauke gilasai in fesa turare. Na ɗauka ban taɓa barin alama ba. Na fara ba da haƙuri, na ce ba zan ƙara ba, na ma manta ba ni da motar da zan ƙara a ciki. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana shiga motar nan da kofi baƙi a ciki, ƙamshin abin nan yana tashi ta ƙarƙashin turaren, tana jin yunwa har asibiti, kuma kunya ta hana ta tambaya. Ta ce shi take so in yi mata.

Ba komai ba ne fa. Wainar ƙwai ce irin ta mai shayi, wadda nake yi a kan ƙaramin risho a ɗakina. Ni ban taɓa lissafa ta cikin girki ba. Na ruga ɗaki na ɗauko kwalbar yajin da matata take aiko min ta hannun duk wanda zai zo Umara. Na fasa ƙwai uku a kofi, na yanka albasa da tumatir da attaruhu, na marmasa magi, na kaɗa da cokali har ya yi kumfa. Na juye a cikin man da naman Hanan ya bari a kasko. Nan babu salati, ido rufe ma zan yi. Na naɗe ta cikin kubus mai ɗumi, na barbaɗa yaji, na miƙa.

Ta ci loma ɗaya ta fara tari. Idonta ya kawo ruwa, hancinta ya yi ja, Hanan ta miƙo mata ruwa tana cewa Mama ki bari. Ta ture hannun Hanan. Ta sha ruwa, ta sake kai loma, ta sake tari, haka har ta cinye, ta dangwale yajin da ya zuba a faranti da guntun kubus.

"Kawo iƙamarka gobe in an dawo aiki," ta ce tana share ido. "Kuma Allah ya jiƙan babanka manomin auduga. Kai ka gaya min, shekarar da ka je ta'aziyyarsa."

Hanan ta kifa kai a tebur tana dariya. Ni ma na yi, har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne. Ina fita na kira Dalhatu, ya ce ai ya gaya min rubutun nan buɗi ne, shi ya ci amma ni ya kama. Bilƙisu kuwa da ta ji na wanke, cewa ta yi ba za ta sake ba ni shawara ba har abada.

Lahadi da safe na wanke motar kamar kullum, duk da ba wanda ya sa ni. Na yi wainar ƙwai na naɗe a takarda, fara, marar rubutu. Dakta ta fito da jakarta, na miƙa mata makulli. Ta shiga ta zauna a kujerata, ta jawo ta gaba, ta gyara madubin da shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa shi sai ni. Wannan ya sosa min rai, ba zan ɓoye ba. Ta karɓi ƙunshin ta ajiye a gefen giya, daidai inda nake ajiye nawa. Na buɗe mata get.

Ta fita a hankali, ta hau titi. Sai a lokacin na lura ban taɓa ganin bayan motar nan tana tafiya ba. Na tsaya a bakin get da tawul a kafaɗa ina kallo. Ta doshi kwanar ƙarshen layi, inda masu kawo ruwa suke fitowa ba ko hon, ga shi ba ta sa sigina ba, ga shi ba ta rage gudu ba. Ta sha kwanar lafiya lau, ta ɓace. Da na duba ƙasa, ƙafata ta dama tana nan a kan siminti, na danne birki har ƙasa.